Minjiryar da Babana Ya Ajiye Mini a Randa

Jikata mai karatun likita ta zo hutu bana, tana ba ni labarin wata na'ura da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Wai a tsaga fata a dasa ta kusa da jijiyar da ta mutu, ba waya ba batir, daga waje ake aika mata ƙarfi, ita kuma ta yi ta zungurar jijiyar da lantarki har ta farka. Na tambaye ta ko da zafi. Ta ce kaɗan ne. Na ce to mu tamu na'urar gashin baki gare ta, a randa take kwana, kuma zafinta ba kaɗan ba ne.

Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba abin ya faru, ina saurayi. Mu masunta ne a wani ƙauye na ƙasar Auyo. In kogi ya janye yakan bar tafkuna cike da kifi, ba mai taɓa su sai ranar da sarkin ruwa ya ba da izinin yin su. Akwai wani tafki tsakaninmu da mutanen ƙetare, kowa na cewa na kakanninsa ne. A shekarar suka riga mu shiga, ba izini ba sallama. Muka iso muka tarar da su tsamo-tsamo a ciki, komarsu cike.

Ba a ma tsaya cacar baki ba. Filafili, kulki, mashin kifi, duk abin da hannu ya kai kansa. Na ga an danna kan wani dattijo cikin laka ana ta dukan bayansa. Na ga kunnen yayana yana reto, jini na bin wuyansa, shi kuwa bai ma sani ba. Ruwan ya koma ja-ja, kifi na tsalle tsakanin ƙafafunmu ba mai kula shi. Ni ma na fasa wa wani goshi, na ɗaga filafili zan ƙara masa sai aka sauke mini kulki daga baya, tsakanin wuya da kafaɗa. Wani abu kamar wuta ya tsarga mini har yatsu. Filafilin ya faɗi. Na sunkuya in ɗauka, hannuna na dama ya ƙi zuwa.

A asibitin Haɗeja wata ma'aikaciyar jinya, mutuniyar kudancin Zariya, ta bi hannun da allura tana tsikara daga kafaɗa har yatsu. Ina kallon jini na tsattsafowa, ban ji komai ba. Ta ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta ji rauni. Tana iya farkawa, tana iya ƙi. A riƙa motsa hannun kada ya ƙandare, sauran sai haƙuri.

Haƙuri kuwa babana bai san hanyar gidansa ba. Mutum ne mai zafin rai, ko ruwa ya tsaya masa a hanya sai ya zage shi. In ya ga na sa hagu a kwanon tuwo sai ya tashi ya bar abincin. Masunci ba hannun dama, me ya rage? Ba jefa birgi, ba tuƙi, ko alwala sai an taya ni. Hannun ya fara ramewa, yana lilo a gefena kamar hannun rigar da ba a sa ba.

Kawuna ne ya tuna masa da minjirya. Kifi ce mai taushin jiki, ba ɓawo, ƙananan idanu, in ka taɓa ta sai ta fizge ka kamar wutar lantarki. Mu in ta shigo koma, kwaɗe mata kai muke yi tun kafin ta gaisa da kowa. Kawu ya ce mutanen dā da ita suke ta da gaɓar da ta shanye. Babana ya kwana biyu a ruwa har ya samo ƙatuwa mai rai, ya saka ta a randa a tsakar gida, yana ba ta ƙananan kifi. Ni bai taɓa lallashina yadda ya lallashi kifin nan ba.

Matsalar ita ce hannun da ya mutu ba ya kai kansa wurin kifi. Dole wani ya kama shi ya tura cikin randar ya danna a jikinta, shi ma nasa hannun yana ciki. Ranar farko kawu ne ya gwada. Aka zungure ta da kara, ta saki wutarta. Kawu ya yi sama ya dawo da baya, ya tashi ya karkaɗe riga ya ce shi dai shawara ya bayar. Yayana ya gwada sau ɗaya, ya rantse ba zai sake ba. Daga nan babana ya karɓa, shi kaɗai.

A hannun ba na jin komai. A wuya nake ji, da ƙirji, da haƙora. Muƙamuƙina ya datse, na ciji harshena, na yi fitsari a wando a gaban ƙannena mata. Babana kuwa da lafiyayyen hannunsa yake shan zafin, jijiyoyin wuyansa su tashi, idonsa ya kaɗa, amma ba ya saki sai minjiryar ta gaji. A bar ta ta huta kwanaki, a sake. Na gudu gidan kakata, ya je ya jawo ni a ƙasa da igiya a ƙugu, gari na kallo. Wallahi a lokacin na tsane shi. Na fi tsanarsa a kan wanda ya buga mini kulkin.

Haka muka yi har aka fara girbin shinkafa. Ko minjiryar ce ta yi aiki, ko jijiyar ce dama lokacinta ya yi, Allah ne masani, ni ban taɓa rantsewa a kan ɗaya ba.

Wata safiya babana ya kira ni bakin randa, na ce ba zan zo ba. Ya kwaɗa mini mari har na ga taurari, ya shaƙe wuyan rigata yana ja. Iya ta fito daga madafa da taɓarya.

"Malam, ka kashe mini ɗa saboda hannu? Yau sai na fasa randar nan!"

Ta ɗaga taɓaryar. Ya sake ni ya hankaɗe ta. Ta faɗi a kan turmi, goshinta ya tsage. Da na ga jinin Iya, idona ya rufe. Ban san lokacin da na kai masa duka a baki ba.

Ƙannena suka toshe bakinsu. Iya, tana zaune a ƙasa, ta fara salati tana kuka, don a garinmu ɗan da ya ɗaga wa ubansa hannu ya gama yawo, ba albarka ba zaman gari. Babana ya taɓa leɓensa, ya dubi jinin a yatsunsa, ya dube ni.

"Da wane hannu ka doke ni?"

Na ja da baya.

"Kai nake tambaya! Da wanne?"

Sai a lokacin na duba. Hannuna na hagu yana riƙe da wandona da ke neman zamewa. Na dama yana lanƙwashe a gwiwar hannu, yatsun a dunƙule, suna makyarkyata.

"Da na dama, Baba."

Ya matso, ya miƙo mini fuskarsa, jini na ɗiga a gemunsa.

"Ƙara," ya ce.

"Baba, ka yafe mini."

"Na ce ka ƙara, ɗan nan!"

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani na yi. Hannun ya ɗago kaɗan, ya kai ƙirjinsa, ya zame. Ya cafe shi kafin ya faɗi, ya durƙusa a gabana cikin laka, ya ɗora shi a kan fasasshen bakinsa. Yana kuka yana ce wa Iya ta zo ta gani, ita kuwa ta ƙi tasowa, tana can tana tare jinin goshinta da bakin zane.