Habibullahi, Mai Auna Jiran Na'ura

Da an sha koko, za ka ji babur ɗin Malam Habibullahi ya bar Ƙonni, jakar kayan aiki ɗaure a baya. Yau Tsarnawa, gobe Malbaza, jibi wani ƙauyen bakin iyaka. Aikinsa duba kwamfutocin ƙananan asibitoci, kuma a kansa furfura ta same shi. In ya zauna, ba ya taɓa hotunan nan da kowa ke latsawa. Baƙin allo yake buɗewa, ya rubuta wa na'ura umurni kai tsaye. Kafin kowane umurni mai nauyi sai ya sa wata kalma, time, wadda ke sa na'ura ta faɗi tsawon lokacin da aikin ya ci. Ni da ban yi nisa a karatun lakwal ba, na yi yawon duniya na ga masu auna hatsi da masu auna zinariya, amma mai auna jira, sai a kansa.

Majo Wasila, shugabar wani asibitin ƙauye kudu da Ƙonni, ita ta ba da labarin ranar Labo. Labo direban kamyon siminti ne, taya ya faɗo masa a ƙafa. An ɗauki hoton ƙashin, saura a tura wa likitan ƙashi a Tawa ya ce a ɗaure nan ko a kawo shi. Likitan ya ce da azahar zai shiga tiyata. Hoto kuwa ya ƙi tafiya. Yayan Labo, Hashimu, har ya tsayar da mota zai kai shi wurin maɗori.

"Majo, ku ba mu ɗan'uwanmu," in ji Hashimu, yana nuna kwamfutar asibitin. "Akwatin ga naku ya tsuhwa, ko kakata ta hi shi sauri."

Habibullahi, da ya zo duba kwamfutar a ranar, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, kakar taka tana nan? Mu ɗauke ta aiki."

Aka yi dariya, har Labo da ke nishi. Habibullahi ya ɗauki wani ƙaramin hoto, ya tura shi da kalmar nan a gaba, ya naɗe hannu. Da aka gama, layuka uku suka fito. Ya nuna wa Majo na sama, lokacin da ya wuce a agogon bango, mai tsawon gaske. Na ƙasa biyun, lokacin da na'urar ta yi tana aiki da kanta, ko ƙiftawar ido ba su kai ba.

"Hajiya, ba gajiya ta yi ba," ya ce. "Ta gama nata tun ɗazu, jiran hanya takai. Ina abin rezo, mai kamo muku intanet?"

Yana kan tagar kudu. Nan kowa ke tsayawa ya yi waya, don nan sandunan rezo ke cika a fuskar waya, shi ya sa aka ajiye shi can. Ashe rezon tsallaken iyaka yake kamawa, saƙo ya yi ta zagaye a ƙasar maƙwabta kafin ya dawo gida. Habibullahi ya mai da shi tagar arewa, ya ɗaure shi kan rezon gida, ya sake aunawa. Hashimu bai gama gyara hularsa ba hoton Labo ya isa Tawa. Likita ya kira ya ce kada kowa ya ja ƙafar nan, ƙashin ya tsage kusa da jijiya, a kawo shi a kwance.

Malam Habibullahi, kai ne ka ƙi zagin na'ura sai ka tambaye ta. Kai ne ka ƙi cewa "ina jin", alhali mutum na kwance ana jayayya a kan ƙafarsa. Na ga manya sun yanke hukunci da zato, kai ko a kan akwatin ƙarfe ba ka yarda ka yi ba.

Bana za ka ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku matasan da za ku gaji jakarsa, kafin ku ce abu ya lalace, ku auna tukuna. Mai shakka ya tsaya bakin hanyar Malbaza. Kamyon Labo zai wuce da lodi, kuma da ƙafar nan yake taka birki.