Taraktar Babanmu da Matan Zumunta

Shekarun baya, akwai wata tsohuwar tarakta da ta zame mana kamar bishiya a tsakar gidanmu da ke unguwar Herwagana. Ta mahaifina ce. Da ita ya yi wa mutane huɗa a ƙauyukan kudu tun ban san kaina ba, da ita ya ciyar da mu. Wata yamma ya ajiye ta da niyyar fita washegari, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Gwangwanin da yake kifawa a bakin salansa, wato bututun hayaƙinta, iska ta ɗauke, babu wanda ya kula, ruwan damina ya yi ta shiga har injin ya kame ƙam. Kaji suka tare a ƙarƙashinta, mu kuma muka samu wurin shanya.

Kullum da safe sai mun fito da Baba mun zaunar da shi a gindin darbejiya, fuskarsa na kallon taraktar. In aka juya kujerar wani gefe, ba zai ci abinci ba. Harshensa ya yi nauyi, mahaifiyata kaɗai ke gane abin da yake faɗa.

Da auren yayana ya taso, ya ce a daidai wurin taraktar zai gina ɗaki. Ya kawo 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka zagaye ta suna ƙwanƙwasawa, suna nuna inda wuta za ta bi in an zo yanka. Ni kuwa ina bayan yayana ɗari bisa ɗari, don in ya tashi, ɗakinmu ya zama nawa ni kaɗai. Har na zaɓi kusurwar da zan mayar da gadona. Sai da na waiwaya na ga Baba a kan kujera, hawaye na bin kumatunsa.

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta sallami baƙin. Sannan ta dubi yayana ta ce, "Muddin ubanka yana numfashi, ba za a yanka ta ba."

"Mama, ƙarfe ne fa. To a ja ta zuwa unguwar Bolari a yanka a can, ba sai ya gani ba."

"Bakinsa ne ya yi nauyi, ba hankalinsa ba."

Aka yi ta ja-in-ja, har aka tsaya a kan magana ɗaya. In ta tashi kafin ruwan farko, za ta tafi da ƙafarta gonar ƙanin Baba a ƙauye. In ba ta tashi ba, 'yan gwangwan su dawo.

Mama ta aika aka kira wani tsohon abokin Baba, Bakatsine mai gareji a Bolari. Yana shigowa ya durƙusa gaban kujerar ya ce, "Haba maigida, haka ka bar amaryarka ta tsufa?" Rabon da in ji dariyar Baba har na manta. Makanikin ya sa aka yi wa tayoyi faci aka ba su iska, ya kwance nozul masu fesa wa injin mai, ya ɗura man gas da man birki a ramukan don su jiƙa tsatsar, ya saka taraktar a babbar giya. Sannan ya ja layi da alli daga jikin fankar injin zuwa ƙarfen da ke kusa da ita.

"Kada wanda ya ja ta da mota, za ku karya mata ciki," in ji shi. "Girgiza ta za a riƙa yi kowace yamma, gaba kaɗan, baya kaɗan, kamar ana lallashin jariri. Ranar da layin nan ya rabu biyu, injin ya motsa ke nan, ku kira ni."

Na ce wannan ai aikin samari ne, na kwaso 'yan majalisarmu. Kowa ya tuɓe riga yana nuna ƙwanji. Wasu na turawa gaba, wasu na ja baya a lokaci guda, taraktar ko gezau. Ni da na fi kowa cika baki, ni na fara riƙe ƙugu. Wani abokina ya share gumi ya ce, "Mutumina, wannan ta zama kwandem, ka bar wahalar da mu." Kafin mako ya zagayo, duk sun daina ɗaga wayata.

To, tun da Baba ya kwanta, matan zumunta na cocinmu suka dawo da koyon waƙarsu gidanmu, don Mama ba ta iya barinsa. Suna zaune a tabarma da tulunsu na kiɗa suna kallon yadda nake fama ni kaɗai, sai uwar zumunta, wata dattijuwa da ta kusa haifar Mama, ta miƙe ta gyara ɗaurin zani.

"Ɗana, matsa. Kai je ka tsare allin, shi ne daidai ƙarfinka."

Suka rabu biyu, kowane rukuni ya kama babbar taya ɗaya. Mai tulu ta fara bugawa a hankali, uwar zumunta ta ɗauko waƙa da yaren Tangale, irin wadda suke yi a gona lokacin gayya. In ta bayar su tura, in sun amsa su saki. Babu mai nishi, babu mai gaggawa. Ƙarfen nan da ya gagari ƙarti ya shiga lilo yana bin kiɗa. Daga ranar suka mayar da abin kullum, wadda ta taso daga kasuwa ta biyo, wadda ta taso daga makarantar da take koyarwa ta biyo. Ni kuma ina tsugune gaban fanka, babban mai gadin alli.

Makonni suka wuce, layin yana nan yadda yake. Zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗowa ta gabas yana watsewa. Yayana ya sa aka sauke bulo a ƙofar gida. Ban ga laifinsa ba, ni ma na cire rai.

Wata yamma, iska na kaɗawa da ƙanshin ruwa, suna tsakiyar waƙa, sai na ji wani ƙas daga cikin injin, kamar an taka busasshen kara. Na dubi allin. Layin ya rabu, bai fi faɗin farce ba. Na yi maza na ɗaga hannu. Uwar zumunta ta gan ni, amma ba ta yanke waƙar ba, ƙara mata ƙarfi ta yi. A kan idona fankar ta sake gusawa, ta sake, sannan ta juya sannu a hankali, ramukan nozul suka feso baƙin mai har kan rigata. Tsigar jikina ta tashi. Sai a lokacin guɗa ta ɓarke, maƙwabta suka yi ta leƙowa ta katanga.

Makanikin ya kwana biyu yana wanke ciki da canza mai, ya aro batirin tifa. Da ya murza makulli, ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sai ta kama da wata irin ƙara da ta girgiza kwanon rufinmu. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse. Yayana, wanda ya kawo masu yanka, shi ya je ya goya Baba a bayansa, ya hau da shi, ya zaunar da shi a kujerar direba yana tallafe da shi. Baba ya ɗora tafinsa a kan sitiyari ya rufe ido. Da makanikin ya kai hannu zai kashe, sai muka ji Baba ya ce, "Bar ta ta ɗumama." Kowa ya ji, babu wanda ya nemi Mama ta fassara.

Har yau in na tuna yammar nan sai jikina ya yi sanyi. Na tashi ina ganin ƙarfi a damtse yake, sai ga iyayenmu mata, da ciwon gwiwarsu da komai, sun tayar da abin da muka haƙura da shi, don kawai sun iya motsi tare kuma sun dawo kowace rana. Ban taɓa ganin abin da ya cika ni da mamaki irin wannan ba.

Ƙanin Baba ya zo ya tuƙa ta zuwa ƙauye, yayana ya gina ɗakinsa. Bayan girbi aka kawo mana buhun masara daga gonar da ta huɗe, Mama ta tuƙa wa Baba tuwo da ita, ya cinye tas. Bai ga wata daminar ba. Ya rasu taraktarsa tana gona tana aiki.