Ƙarfen da ya hana a ga zuciyar Rabi

Ranar randebun Rabi ce a asibiti, ranar da likita ya ce ta koma. Bayan asuba na cire mata 'yan kunne da awarwaro, na tsefe kitson na zare fil. Tun da ta haihu zuciyar 'yata ta saki, ƙafafu suka kumbura. Likita ya ce akwai na'ura, IRM, mai ƙaton maganaɗisu. Za ta zana layuka a naman zuciya kamar gidan dara, a ga inda ke matsewa da inda ya tsaya. Sai ya gani zai san maganin da zai ba ta. Ko allura ba a shiga da ita. An kuma ce ta koyi riƙe numfashi, ta koya.

Da hantsi muna jiran mai zem, ɗan acaɓa, a ƙofar gida. Na fara jin kwano na faɗuwa daga rumfunan bakin layi. Samari ne aka yi haya su tashe mu daga filin da muke zaune, wani ya ce ya saya. Da adduna suka zo, da bindigar toka.

"Ku fita! Kowa waje!"

Na goya jaririn, na ja Rabi. Ba ta iya gudu. Na buga ƙofar Alhaji mai goro, maƙwabcinmu tun ina amarya. Na ji an danna sakata. Na san hannun da ya danna.

Muka laɓe bayan buhunan gawayi. Biyu suka wuce daf da mu. Rabi ta riƙe numfashi yadda aka koya mata. Da muka miƙe sai ƙarar bindiga ɗaya, daga bayanmu. Ta ce min, "Inna, kamar an jefe ni."

Masu zem suka ga jini suka kau da kai. A ƙafa muka bi hanyar unguwar Gbégamey, tana tsayawa, ina ja. Ana kiran azahar muka isa asibiti.

Ashe samarin sun cusa wa bindigar guntayen ƙusa. An ciro wasu. Ɗaya ya zauna kusa da zuciya, ba mai iya taɓa shi. Likita ya ce maganaɗisun zai fisgo shi, ba za ta shiga na'urar ba har abada. Aka ba mu magani bisa ƙiyasi.

Ta kai damina, ba ta ga ƙarshenta ba. Filin yanzu an zagaye shi da bulo, ba a gina komai ba. Alhaji ya zo ta'aziyya, ban ɗago ba. Yaron ya fara rarrafe. Ni yake kira Mama.