Garin Katako a Aksul ɗin Akori-kurarmu

Shekarun baya, lokacin da Turawa ke haɗa nasu-ya-nasu za su tafi, mahaifina ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya saya mini tsohuwar akori-kura a hannun wani dillali a Kano. Shirinsa shi ne in yi jigilar gyaɗa daga Kibiya da Zurgu zuwa Rano, kafin damina mu sayi wasu shanun. Ni kuwa jiya yaron mota, yau direba, ko ƙasa ba na gani.

Motar tana tafiya shiru abinta, sai iyayina ya motsa, na ce bari in yi mata gata. Na juye tsohon man da ke tukunyar aksul ta baya, wato inda ƙarfi ke rabuwa zuwa tayoyin baya. Abin da ya fito kauri gare shi kamar kunun da ya kwana. Na wanke da kananzir, na zuba sabo, ina yaba wa kaina.

Daga ranar, da na saki kuloci sai in ji "ƙwas!" daga baya. In ɗaga ƙafa daga totur, wani "ƙwas!" Na lallaɓa da ita wajen abokina bakanike a Rano.

Ya ɗaga bayanta da jak, ya danne taya ɗaya da dutse, ya ce in ɗora hannu a kan ɗayar. Ya shige ƙarƙashi ya kama farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa baya. Ya jijjiga gaɓoɓinta, lafiya lau. Sai ya shata mata alli ya murɗa a hankali.

"Tayar ta motsa?"

"Ko gezau."

Ya ƙara murɗawa, sai can na ji ta motsa.

"Kai, abokina, wasan da ya kamata ta yi ɗan mitsitsi ne. Wannan kuwa ya kai yatsu uku."

Da ya buɗe tukunyar, haƙoran ciki duk sun cinye, sun yi kaifi kamar bakin wuƙa. Ya lakato wani abu a lungu ya murza. Garin katako ne. Shi aka cusa a cikin man don ya toshe ƙarar har a rabu da motar, ni kuma na wanke.

Na ce, "To a matse haƙoran mana."

Ya ce, "Sai akwai haƙori ake matsewa. Ka yi mata lodi ɗaya, za su zube a hanya."

Na karaɗe Kano neman irin ƙarfen, ba a samu ba, samfurin ya tsufa. Dillali kuwa ko sama ko ƙasa. Kakar gyaɗa ta wuce a kan idona, ina zaune a gindin mota ina kallon jakuna suna wucewa da buhuna.

Ranar da aka yi ruwan shuka, mahaifina ya zo ya tsaya a gabanta, garmar hannu a kafaɗarsa. Na so ya zage ni, wallahi da na fi jin sauƙi. Sai kawai ya tambaya, "Injin ma ya mutu?"

Na ce, "Inji lafiyarsa ƙalau, Baba. Ƙarfin ne ba ya isa ƙafa."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Da sa ne ya karye, da ko naman mun ci." Ya juya ya nufi gona.

Na yi tuƙi shekaru masu yawa bayan nan, kuma ban sake sayen mota ba sai na tsoma yatsa a man aksul ɗinta. Amma wannan wayon ya zo a makare, shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Kafin in iya mayar masa da shanun, bayansa ya riga ya ranƙwafe, kuma da hannu ya yi huɗarsa ta ƙarshe.