Tsaunin da Ishbel ta bari don ƙarshe

Ishbel Geddes ita ke dafa wa 'yan firamare abinci a ƙauyen Kinloch Rannoch, kuma shekara talatin ke nan tana bin manyan tsaunukan Sikotilan ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗari biyu da tamanin da biyu ne a jerin, kowanne ya haura ƙafa dubu uku. Harkar ba ta da alƙali, ba ta da shaida. In ka ce ka hau, an yarda ka hau, sai ka ja layi a littafinka ka nufi na gaba.

Mijinta Dougal, tsohon direban bas, bai taɓa ganin hikimar abin ba. "Mutum da hankalinsa ya bar shayi mai zafi, ya je ruwa ya yi masa dukan tsiya, don kawai ya taɓa tulin duwatsu ya dawo!" Duk da haka shi ke kai ta gindin kowane tsauni, ya zauna a mota da jarida yana jira.

Saura tara suka rage mata sa'ad da likita ya ce a Nuwamba za a yi wa gwiwarta aiki, daga nan kuma sai ta yi sallama da hawa. Sai ta ɗaura ɗamara. A Afrilu ta hau uku cikin ƙanƙara. A Yuni, a tsibirin Skye, aka ɗaura mata igiya a ƙugu ta hau wani siririn dutse da rarrafe, rami dama rami hagu, tana yi wa mai riƙe da igiyar faɗa har ta kai sama. Kafin Satumba saura ɗaya, wato Schiehallion, wanda take hange kullum ta tagar kicin. Da gangan ta ajiye shi, don al'ada ce a bar mai sauƙi ya zama na ƙarshe, dangi da abokai su yi rakiya, a yanka kek a kurɓi giyar wiski a ƙololuwa. Mutum talatin ta gayyata, ta tsayar da ranar wata Asabar. Dougal ma, da kansa, ya je ya sayo takalmin hawa.

Ana saura kwana huɗu, suna cin abinci, ta ture farantinta gefe. "Dougal, akwai wanda ban hau ba."

Shekara ashirin da suka wuce, ita da ƙawarta Effie sun hau wani tsauni mai kai biyu can arewa, cikin hazo. Suka iske tulin duwatsu irin wanda ake tarawa a kan ƙololuwa, Effie ta ce nan ne, suka sauko. Sai a gida taswira ta nuna mata cewa ainihin ƙololuwar tana gaba kaɗan. Ta riga ta ja layi, kunya ta hana ta gogewa. Effie kuwa ta rasu tuntuni.

"Haba tsohuwa! Tafiyar minti goma? Wa zai sani?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Wannan gwiwar taki ba za ta ɗauki biyu a mako ɗaya ba. Kin sani, na sani."

"To, ka kai ni ko in hau bas?"

Ya kai ta. Awa goma sha ɗaya ta yi tsakanin hawa da sauka, ta taɓa tulin gaskiya, ta sauko tana jan ƙafa, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Dougal ya kama ta ya sa ta a mota, idonsa ya yi ja.

Ran Asabar mutum talatin suka hallara a gindin Schiehallion. Ishbel ta yi ta maza, ta dogara sanda ta yi taku kamar ɗari, sannan ta zauna a kan wani dutse. Kowa ya ga an zo ƙarshe. 'Ya'yan ƙanenta suka ce su ɗauke ta a kafaɗa, ta ce wanda aka ɗauka bai hau ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta yi hawaye a gaban mutane, ita da ba a taɓa ganin kukanta ba.

A wurin ajiye motoci aka yanka kek ɗin. Wani baƙo da ya sauko daga tsaunin ya ga taro, ya tambaya ko an kammala jerin tsaunukan ne.

"A'a," in ji Ishbel. "Ɗari biyu da tamanin da ɗaya."

Cikin shekara ashirin, ranar ce ta fara faɗin adadinta ba tare da ta cire ɗaya a zuci ba.