Adama Mai Ƙuli da Shirun 'Ya'yanta

Adama ba 'yar Ketare ba ce. A Damari aka haife ta, can ƙasar Sabuwa, aure ya kawo ta, kuma duk da ta shekara goma a garin har yanzu wasu mata in za su aiki yaro sayen ƙuli sai su ce ya je gidan 'yar Damari. Sana'ar gado ce. A hannun uwarta ta koyi suyar gyada, da sanin lokacin da za a yayyafa wa tunkuza ruwan zafi mai ya taso. Mijinta Mani manomi ne, masara da dawa da ɗan waken suya, da rani kuma yana ɗaukar fasinja a babur zuwa Kankara.

Bayan ƙuli, abin da aka fi saninta da shi rashin yarda ne. Da can ba haka take ba. Shekara uku da suka wuce ɓarayin daji suka shigo suka kore awakinsu bakwai, aka kuma yi ta raɗe-raɗin cewa wani na cikin gari ne ya nuna gidan. Ba a taɓa gane ko wane ne ba. Tun daga nan in baƙo ya yi sallama sai ta ji wanda ya aiko shi, in maƙwabciya ta yawaita tambayar ina Mani ya tafi sai ta ɗaure fuska.

'Ya'yanta biyu ne. Zulfa ce babba, shekararta takwas, sai Hadi mai shida. Zulfa 'yar fari ce, don haka Adama ba ta kama sunanta, ba ta kuma sake mata fuska a gaban mutane, sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Hadi kuwa sunansa na bakinta daga safe har yamma. Adama kunya take yi, irin wadda uwarta ta yi wa yayanta, amma Zulfa ba haka ta ɗauka ba. A wurinta magana a fili take: an fi son Hadi. Shi kuma Hadi yana ganin komai ita ake fara ba, sabon takalmi, zuwa kasuwa, riƙon kwanon talla.

Saboda haka faɗa ba ya ƙarewa a gidan. Su yi a kan ƙanzon tuwo, su yi a kan wa zai zauna kusa da murhu. Hadi ya rantse ba zai ce mata Yaya ba, sai Zulfa gatsau. Kowannensu kuma ɗan rahoto ne a kan ɗan'uwansa. In Hadi ya tsoma yatsa a tunkuza, kafin ya lashe Adama ta ji. In Zulfa ta tsaya wasa a hanyar makarantar allo, Hadi zai rigo ta gida da labari. Adama takan yi tsawa, amma a ranta tana jin daɗin abu ɗaya, babu abin da zai faru a gidanta ba ta sani ba.

Ƙarshen daminar bara, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo, faɗan ya tsaya cak.

Kwana biyu ba ta lura ba. A na uku tana sheƙe gyada ta ji Hadi ya ce, "Yaya, zo ki ji." Ta dakata da faifai a hannu. Zulfa ta je, suka haɗa kai a bayan rumbu suna raɗa, da suka ga tana kallonsu suka rabu, kowa ya kama gabansa kamar bai san ɗan'uwansa ba.

Daga nan kaya suka fara ɓacewa. Tsohon kwanon sha mai lamba ta neme shi ta rasa. Wani yagaggen zane da take tace mai da shi ya yi ƙafa. Dusar da take tara wa kaji tana raguwa, ta ɗauki gawayi ta ja layi a cikin buhun daidai inda ta tsaya, washegari ta tarar ta sauka da yatsa uku. Kunun safe ma, Zulfa da ba ta taɓa barin ko ɗigo ba, sai ta ce ta ƙoshi za ta sha anjima.

Adama ta yi abin da ta saba. Ta aiki Zulfa kai niƙa, ta kira Hadi ta ba shi ƙuli mai zafi guda biyu.

"Hadi, ina kuke zuwa in kun taso makaranta?"

"Ba ko'ina, Inna."

"Yarinyar nan ce ke ɗibar mini dusa ko? Faɗa mini, ba zan ce kai ka faɗa ba."

Hadi ya kalli ƙulin, ya kalli ƙofa. "Kaji ne," in ji shi.

Da yamma ta gwada Zulfa. Ta ce mata Hadi ya riga ya faɗi komai, saura ta ji daga bakinta. Zulfa ta ɗago ta dube ta, ta ce, "Mi ya ce?" Adama ta koma kan kaskonta. Yarinyar ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ta kai wa Mani maganar yana cin abinci. Ya yi dariya ya ce shekara nawa tana kukan sun hana ta sakat, yau Allah ya shirya su kuma ta ce ba ta yarda ba. Ta ce, "Malam, shirin da ke cin dusa ba shiri ba ne." Ya ce ta bar yara su sha iska.

Fatsuma ce ta tayar mata da hankali. Maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya, ta shigo sayen mai, ta tsaya tana juya kwalba a hannu ba ta tafi ba.

"Jiya na hangi yaranki wajen kangon Shamsu," in ji ta. "Da kwano rufe. Shekaranjiya ma haka."

Gidan Shamsu shi ne na ƙarshe a unguwar, daga shi sai gonaki sai daji. Tun da ya kwashe iyalinsa ya koma Funtua ba mai shiga.

"Wasa suke," in ji Adama.

"To, Allah shi sa. Ni dai na ce in faɗa maki. Kin san zamanin da muke ciki, in aka ga abinci na fita daga gida zuwa bakin daji, ba a tambayar shekarun wanda ya ɗauka."

Bayan ta fita Adama ta zauna a kan turmi, man da ke wuta har ya fara ƙauri. Ta san me ake kiran gidan da ake zargi da ciyar da mutanen daji, ta kuma ga abin da ya sami wani mai shayi da aka laƙaba wa sunan infoma, mai kai wa ɓarayi labari, ko zaman makokin uwarsa mutane ba su je ba. Ta shiga tunanin wa zai iya yaudarar yara da alewa ya ce su riƙa kawo masa abinci. Ta kuma yi tunanin Fatsuma kanta: wa da wa ta faɗa wa kafin ta shigo nan?

Washegari bayan la'asar ta yi kamar barci ya ɗauke ta a tabarma. Ta ji motsin buhu, ta ji takunsu sun fita. Ta zura hijabi ta bi su daga nesa, ta lungun bayan masallaci, har ta ga sun sunkuya ta inda katangar Shamsu ta rushe. Tsakar gidan ciyawa ta kai gwiwa. Ta laɓe jikin ɗakin da rufinsa bai faɗa ba.

"Ni zan ba shi yau," muryar Hadi ce, ƙasa-ƙasa.

"Kai ka ba shi jiya. Riƙe mashi kai dai."

"Ai ni na fara ganin shi."

"Ni kuma na goyo shi tun daga rafi. Yi a hankali, ƙafar na mashi ciwo."

Adama ta matsa kusa da ƙofar ɗakin. Mai rauni ne ke nan, kuma har sun goyo shi. Ta yi bisimilla ta leƙa.

Ɗan tunkiya ne fari, bai fi wata uku ba, kwance a kan buhu. An ɗaure masa ƙafar baya da karan dawa biyu da yagaggen zanenta. Hadi ya rungume wuyansa, Zulfa na tura masa kwanon dusa da aka dama da kunu. Suka ɗago suka gan ta. Ba wanda ya nuna wani.

Sanyin da ta ji bai daɗe ba. Ta tsuguna ta kama kunnen dabbar, ta ga tsaga biyu a na hagu, shaidar da ba ta kowa ba ce a Ketare. Ta tuna kwana tara da suka wuce an kwana ana cewa ɓarayi sun ratsa ta bayan gari da garken da suka koro daga yamma.

"A ina kuka same shi?"

"Bakin rafi, cikin ƙaya," in ji Zulfa. "Shina ta kuka. Inna, ni na ce mu ɓoye shi."

"Ƙarya ne, ni na ce," in ji Hadi.

"Don me ba ku faɗa mini ba?"

Zulfa ta sunkuyar da kai. "Cewa za ki yi na wani ne."

A ranar Mani bai yi dariya ba. Dabbar sata a hannun mutum, ko ta tsintuwa ce, magana ce babba. Kafin magariba ya saɓa ɗan tunkiyar a kafaɗa, Adama da yaran na biye, suka nufi gidan mai unguwa, Malam Gide. Adama ce ta nace a bi ta babbar hanya, ta ƙofar Fatsuma, kowa ya gani da idonsa.

Malam Gide ya saurari yaran ɗaya bayan ɗaya, ya duba ɗaurin ƙafar ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Ya ce dabbar za ta zauna a gidansa, za a yi cigiya a masallacin Juma'a da kasuwa. Yaran kuma ya ba su izinin zuwa kullum su ba ta abinci. Haka suka yi mako uku, tare suke fita tare suke dawowa, har ɗan tunkiyar ya fara taka ƙafar yana bin su a tsakar gidan mai unguwa.

Sai ga wani mutum ya zo daga wani ƙauye na ƙasar Faskari, dogo, ramamme, ya ce sunansa Mamuda. Kafin a fito da dabbar ya faɗi tsaga biyu a kunnen hagu da baƙin tabo a gwiwa. Ya ce tumakinsa da na ƙannensa duka aka kore a yini ɗaya, wannan kaɗai ya ji labarinsa. Da aka kawo shi ya shafa bayansa, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya tambayi wa ya yi ɗaurin. Aka nuna masa yaran. Ya sa masu albarka, ya ɗaure ɗan tunkiyar a bayan babur ya tafi. Zulfa da Hadi suka bi shi da ƙafa har ƙarshen unguwa. Da suka dawo aka zuba masu tuwo a kwano ɗaya, suka zauna a gabansa har ya huce.

Adama ba ta gamsu da Mamuda ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce mako uku dabbar na gidan mai unguwa, duk mai shiga ya ga kunnen ya ga gwiwar, me zai hana a kai wa wani labari? Ta ce ɗan tunkiyar ko kallonsa bai yi ba. Mani ya ce ta ga idon mutumin kuwa? Ta ce ta gani, ido ba shaida ba ne. Har yau in ya ɗauki fasinjan wajen Faskari sai ta ce ya tambaya mata ko an san wani Mamuda da aka kore wa tumaki. Sau biyu an ce an san shi, sau ɗaya an ce ba a taɓa ji ba, ita kuma wannan ɗayan ta riƙe.

Mani ya yi wa yaran alkawarin in an sayar da waken suya zai sayo masu 'yar dabba tasu. A kan wannan suka koma gardama, Hadi na son rago, Zulfa na son tunkiya mai haihuwa, har da ture-ture da kuka. Adama na gaban kasko tana murza ƙuli tana jin su. Wani lokaci takan dakata ta dube su da kyau, don ta lura faɗan ya fi zafi in tana kusa, in kuma ta shiga ɗaki sai ta ji ya koma raɗa.