Jakin Mma Napari

Duk Kumbungu babu wanda bai san man shafawar Mma Napari ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma shekara talatin ina jin ƙarar hannunta a cikin ƙwarya, fat-fat-fat, tana bugun man kaɗanya.

Dafa ganyen darbejiya ba wani abu ba ne, kowa ya iya. Wahalar ita ce haɗa ruwan ganyen da mai su zauna. Sauran mata sukan gwada, kwana biyu ruwa ya koma ƙasa, mai ya taso sama, ya yi tsami. Nata kuwa fari tas kamar kindirmo, ya shekara bai rabu ba. Takan ce ruwa da mai ba sa aure sai da waliyyi, kuma waliyyansu ƙaro ne da kakin zuma da ɗan sabulun salo. Kanumfari da citta kuma su ke buɗe wa magani ƙofa ya shige fata. Wannan kowa ya ji. Awon ne da zafin wutar ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Man nan ba magani ba ne, jaki ne," in ji ta. "Abin da kika ɗora masa, shi zai kai."

Mai ƙazuwa da mai makero da mai faso duk gidanta suke zuwa. Ba ta tara komai ba sai suna, kuma da shi take taƙama.

'Yarta guda ce, Azaratu. Ta tafi Kumasi baƙa wuluk kamar uwarta, ta dawo ja. Na ce, "Azaratu, ruwan Kumasi wanki yake yi?" Ta ce, "Kai, Inna, hutu ne kawai." Hutun banza!

Ta zauna tana lallaɓa tsohuwa: "Mma, hannunki ya gaji, koya mini in hutar da ke." Mma Napari ta yi murna har da hawaye. Abin da ta ɓoye shekara talatin ta juye mata shi cikin mako guda.

Ashe yarinyar da jakar man bilicin ta zo. Ta kama ɗaki a Tamale, tana matse shi cikin haɗin uwarta, ta zuba a roba, ta manna hoton tsohuwar a jiki. Jaki kuwa ya yi aikinsa. Abin da a cikin wasu mayukan yake tsayawa a bayan fata, wannan ya kai shi har ciki. Mata suka yi fari da sauri, suka yi ta rububi. Kafin damina ta fita kumatu sun ƙone, jijiyoyi sun fito kore shar, wasu fatarsu tana tsagewa. Azaratu ta yi layar zana.

Ranar kasuwa mata suka cika ƙofar gidan Mma Napari, kowace da roba a hannu. Wata mai suna Fuseina, wadda saura wata ɗaya bikinta, ta yaye mayafi ta ce, "Mma, dube ni. Ke kika warkar da ni ina jaririya. Me na yi miki?"

Na buɗe baki zan faɗi sunan mai laifi, tsohuwar ta riƙe mini hannu. Ta karɓi robar ta murza man tsakanin yatsu, ta sansana.

"Haɗina ne," ta ce.

Da suka watse na rufe ta da faɗa. Ta ce, "Ƙarya na yi? Ba don jakina ba, da gubar ta kai can?" Ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Daga ranar yara suka sa mata Mai Ƙona Fuska. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Bayan shekara huɗu Azaratu ta dawo, a lulluɓe. Da ta yaye, sai da na kau da kai: fuskar ta yi baƙi dabbare-dabbare, ta yi kauri kamar ƙirgi. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce, "Yawwa! Fito da ita kasuwa, Mma. Kowa ya gani zai gane, a wanke ki."

"Shi ya sa za ki rufe mini ƙofa," ta ce.

Ta ɗauko ƙwaryarta da ta yi ƙura, ta hura wuta. Wata bakwai tana bugu tana shafa wa 'yarta safe da yamma. Man sai ya kwanta a sama yana ƙyalli, fatar ta ƙi sha. Ta ƙara kanumfari, ta gasa da tsumma mai ɗumi, duk a banza.

Bara Mma Napari ta rasu, rantsuwata kuma ta bi ta. Na gaya wa duk wanda zai tsaya ya ji. Sai su ce, "Allah sarki," su wuce. Jiya wata baƙuwa ta tambayi hanyar gidana, na ji ana yi mata kwatance: in ta wuce gidan Mai Ƙona Fuska, ƙofa ta gaba.